Gishirin Wanka Mai Ƙamshi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jiƙa Jiki a Gida

Gishirin wanka ya shigo shagunan kayan kwalliya na Birnin Kebbi da Gusau, masu gyaran jikin amare ma sun karɓe shi hannu bibbiyu. Sai dai bayanin da ake bugawa a jikin robarsa an yi shi ne don gidan da ke da dogon bahon kwanciya da famfon ruwan zafi, alhali yawancinmu da bahon roba da bokiti da tukunyar dafa ruwa muke wanka. Shi ya sa muka tara tambayoyin da aka fi yi, muka amsa su da ma'aunin da ke cikin gidajenmu. Inda muka ce kofi, muna nufin mai cin mililita 250. Inda muka ce cokali, babban cokalin cin abinci ne, mai cin mililita 15.

Mene ne gishirin wanka, kuma me ya raba shi da gishirin miya?

Ba abu ɗaya ake sayarwa da wannan suna ba. Wanda ya fi yawa shi ne gishirin Epsom, wanda aka fara tacewa daga ruwan wata maɓuɓɓuga mai ɗaci a garin Epsom na ƙasar Ingila a ƙarni na 17. Sinadarinsa maganiziyam salfet ne. Ƙwayoyinsa farare ne masu sheƙi, ɗaci gare shi maimakon ɗanɗanon gishiri, kuma yana narkewa da sauri a ruwan ɗumi. Sai gishirin teku mai manyan ƙwayoyi, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na miya. Akwai kuma ja-ja ɗin nan da ake kira na Himalaya, wanda ake haƙowa a Pakistan, musamman a mahaƙar Khewra. Kusan dukansa gishirin miya ne, ɗan ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi launi, don haka tsadarsa ba ta nufin ya fi aiki. Na ƙarshe shi ne na Mataccen Teku da ke gefen ƙasar Jodan, wanda ya fi gishirin teku na yau da kullum yawan maganiziyam da fotashiyam.

Sauran abin da ke cikin robar turare ne da kala, wani lokaci da ɗan mai da busasshen fure. Waɗannan su ke ɗaga kuɗinsa, kuma daga gare su yawancin matsalar fata ke fitowa.

Gishirin ne ke sauke gajiya, ko ruwan ɗumin?

Ruwan ɗumin ne ke yin babban aikin. Ɗumi yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini ya ƙara gudana a gaɓoɓi, naman da ya ɗaure ya saki. Bayan an fito kuma zafin cikin jiki yana sauka a hankali, wannan saukar ce ke kiran barci. Masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan haka suka wallafa a 2019, suka ga cewa wanka da ruwan ɗumi awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya yana rage jiran barci da kimanin minti goma.

Maganar cewa maganiziyam yana ratsa fata ya shiga jini har ya warkar da ciwon jiki, hujjarta ba ta da ƙarfi. Fata an halicce ta ne don ta tsare jiki, ba ta barin irin wannan sinadari ya wuce da yawa. Abin da gishirin ke yi a zahiri shi ne ya sa ruwan ya yi laushi a jiki, ya taimaka wajen tausasa busasshiyar fata, ya kuma riƙe ƙamshi. Ƙamshin ma yana da nasa amfani, domin hankali yana kwanciya da abin da hanci ke so. Muna faɗin haka ne don kada wani ya kashe kuɗin magani a kan gishiri, ko ya zaci ninka shi zai ninka sauƙi.

Ba ni da bahon kwanciya. Yaya zan yi, kuma nawa zan zuba?

Ba sai da shi ba. Ma'aunin da kamfanoni ke rubutawa, wato kofi biyu, na bahon da ke cin lita 120 zuwa 150 ne, jarka shida ko fiye ke nan. Idan aka raba, kowace lita tana samun giram uku zuwa huɗu kacal. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye waɗannan kofi biyun a bahon roba mai cin jarka ɗaya. Ruwan ya fi ƙima ƙarfi sau shida, mutum ya fito fata na ƙaiƙayi, ya ce gishirin jabu ne.

A babban bahon roba da ake zama a ciki, ruwa ya kai ƙugu, wato kimanin lita 20 zuwa 25, cokali biyar zuwa shida ya isa. A baho mai faɗi da ke cin jarka biyu, a zuba kashi biyu bisa uku na kofi. Don jiƙa ƙafa kawai, a ƙaramar roba mai lita biyar, cokali uku zuwa huɗu, domin fatar tafin ƙafa ta fi ta sauran jiki kauri, tana jure ruwa mai ƙarfi.

Wanda ba zai iya zama a baho ba, saboda ƙiba ko ciwon gwiwa, ya zauna a kujera 'yar tsugunno, ƙafafu a cikin ruwan, ya tsoma ƙaramin tawul yana ɗorawa a wuya da kafaɗu da ƙugu, yana sake tsomawa duk lokacin da ya huce. Manoman shinkafa na fadamar Argungu da 'yan kasuwar da ke wuni a tsaye a Jega ko Talata Mafara, wannan jiƙon ƙafar shi ya fi dacewa da su, ga arha ga ƙarancin ruwa. Amma watsa ruwan gishiri a jiki da moɗa irin wankan yau da kullum asara ce, ruwan bai daɗe a fata ba balle ya yi wani abu.

Wane irin zafi ya kamata ruwan ya yi?

Tsakanin digiri 37 da 39 a ma'aunin Selshiyos, kada ya wuce 40. Idan babu ma'aunin zafi, a tsoma gwiwar hannu, ba yatsu ba, don yatsun mai girki sun saba da zafi, ba za su faɗi gaskiya ba. Idan gwiwar hannun ta zauna a ciki ba tare da an ji son janyewa ba, ya yi.

Haɗin ya danganta da lokacin shekara. Da hunturu, lokacin da ruwan randa ke sauka wajen digiri 20, tafasasshen ruwa kashi ɗaya yana buƙatar na sanyi kashi uku da rabi zuwa huɗu. A lokacin da ruwa ke wajen digiri 25, kashi ɗaya ga biyar. Da bazara kuwa, watan Maris zuwa Mayu, ruwan tankin da ya wuni a rana ya riga ya yi ɗumi, kashi ɗaya ga goma ma ya isa, sau da yawa ba a buƙatar dafa komai. Kullum a fara zuba na sanyi, sannan na zafi a kai, a gauraya sosai da hannu. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar babba a cikin daƙiƙa kaɗan, ta yaro kuwa kafin haka.

Masu amfani da hitar da ake tsomawa a bokiti su kula da wannan ƙwarai: ruwan gishiri ya fi ruwan zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. A dafa ruwan zalla, a kashe soket, a zare hitar a fitar da ita daga bayi, sannan a zuba gishiri. Haka kuma kada a shiga da kaskon gawayi cikin bayin da aka rufe don a ji ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi.

Yaya ake yi daga farko zuwa ƙarshe?

A fara yin wanka na sabulu a ɗauraye, don kada a zauna cikin dattin jiki. A narkar da gishirin a cikin kofi biyu na ruwan zafi a wata roba daban, a juya har ƙwayoyin su ɓace, sannan a juye a baho. Idan aka zuba shi kai tsaye, manyan ƙwayoyi sukan kwanta a ƙasa su soki fata. A sha ruwa kofi ɗaya kafin a shiga. A zauna minti 15 zuwa 20. Idan fatar yatsu ta fara yamutsewa, lokaci ya yi. Idan aka ji bugun zuciya ya ƙaru, ko jiri, ko tashin zuciya, a fita ko da minti biyar aka yi.

Wajen tashi a bi a hankali, a dafa bango ko bakin baho, domin ɗumi yana saukar da ƙarfin bugun jini, tashi farat ɗaya yana kawo duhun ido. A ɗauraye jiki da ruwan zalla, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa mai tun fata na da sauran danshi. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Da hunturu sau ɗaya ko biyu.

Zan iya haɗa nawa a gida?

Ƙwarai, kuma ya fi sauƙin kuɗi, ga shi an san abin da ke ciki. A nemi gishirin Epsom a kantin magani, wanda aka rubuta na amfanin jikin mutum ne, mai lambar NAFDAC idan na cikin kwali ne. Akwai irinsa da ake sayarwa a matsayin takin gona, ba a tace shi sosai ba, ba na wanka ba ne.

A auna Epsom kofi biyu, gishiri mai manyan ƙwayoyi kofi ɗaya, bekin soda rabin kofi. A gauraya su a busasshen kwano na gilas ko na silba marar tsatsa. A wani ɗan kofi daban a zuba sabulun ruwa marar ƙamshi cokali biyu, a ɗiga man ƙamshi ɗigo 20, a juya har su zama abu ɗaya. Sai a zuba wannan a kan gishirin kaɗan-kaɗan ana juyawa. A baza shi a faranti a inuwa na tsawon wuni guda ya sha iska, sannan a ɗura. Wannan haɗin zai yi zaman bahon roba sau goma ko sama da haka, kowane zama yana ɗauke da ɗigon man ƙamshi kusan biyu, wanda shi ne daidai.

Idan ana son kala, ɗigo biyu ko uku na kalar abinci ya isa duk haɗin. Fiye da haka yana rina baho da tawul, wani lokaci har da fata.

Me ya sa ake cewa kada a ɗiga man ƙamshi kai tsaye a ruwa? Ai ɗigo kaɗan ne.

Nan ne mafi yawan ƙunar fata ke faruwa, don haka bari mu tsaya a kai. Man ƙamshin da ake tatsa daga tsirrai ba ya narkewa a ruwa. Yana taruwa a sama kamar yadda man gyaɗa ke yi a kan romo, kuma wurin da ya fara taɓawa idan an zauna shi ne cinya da gaba da matsematsi, inda fata ta fi taushi. Ɗumin ruwa kuma yana ƙara masa kaifi. Gauraya shi da gishiri zalla ba ya magance wannan, domin da zarar gishirin ya narke man ya sake fitowa sama da cikakken ƙarfinsa. Abin da ke tarwatsa shi cikin ruwa shi ne sabulun ruwa. Man kwakwa ko man zaitun ko man riɗi cokali ɗaya suna rage masa ƙarfi, amma suna sa baho da daɓen bayi santsi, a yi hattara da faɗuwa.

Ba kowane man ƙamshi ya dace da wanka ba. Na lafanda da na sandal da na luban suna da sauƙi a fata. Na kirfa da na kanumfari da na citta da na masoro suna ƙuna ko an surka su. Na na'ana'a yana sa wani irin sanyi mai zafi a wurare masu taushi wanda ba ya barin mutum ya zauna. Na ɓawon lemun tsami yana iya sa fata ta ƙone ta yi tabo idan aka shiga rana bayan an yi amfani da shi, kuma rana ba ta da wuya a nan.

Idan an riga an ji ƙuna, a fita, a shafa man girki ko man kwakwa a wurin a goge da tsumma mai tsabta, sannan a wanke da sabulu da ruwa mai sanyi. Idan fata ta tashi ko ta yi ƙuraje masu ruwa, a je asibiti.

To humra da madarar turare fa?

Humra an haɗa ta ne don a shafa a tufafi da fatar waje, kuma kowace mai haɗawa da nata sirrin, ba a san takamaiman abin da ke ciki ba. Madarar turare ma yawancinta haɗin sinadarai ne na kamfani masu ƙarfi. Shawararmu ita ce a bar su a muhallinsu: a yi jiƙon da gishiri marar ƙamshi, bayan an fito an shafa mai, sai a shafa humra, a turara jiki da turaren wuta. Ƙamshin ma ya fi daɗewa ta haka. Wadda ta nace sai ta sa a ruwa, ta tsaya a jiƙon ƙafa, ɗigo biyu cikin sabulun ruwa.

Akwai ƙamshin da za a iya samu daga kayan gida ba tare da sayen mai ba?

Akwai, kuma ya fi aminci. Kajiji da saiwar jema da garin sandal da busasshen furen wardi da ganyen ɗoɗɗoya duk suna ba da ƙamshi mai sanyi. A ɗebi cike da tafin hannu, a zuba a lita ɗaya na tafasasshen ruwa, a rufe minti 15, a tace da ƙyalle mai laushi, a juye ruwan a baho tare da gishirin. Saiwoyi irin su kajiji da jema sun fi so a ɗan daka su a tafasa minti goma. Tacewar tana da muhimmanci: ganye da fure suna manne wa jiki, suna toshe magudanar bayi. Wannan ruwan ba a ajiye shi, na ranar ne kawai.

Kanwa ko manda ko gishirin Foga za su iya maye gurbinsa?

Gishirin Foga da ke shigowa ta Kamba da sauran gishirin gargajiya irin su manda, asalinsu gishirin ci ne haɗe da ƙasa da wasu ma'adinai. Za a iya jiƙa ƙafa da su idan aka narkar aka bari ƙasar ta kwanta, aka tsiyaye ruwan sama. Kanwa kuwa a'a. Tana da kaifin da ke wanke maiƙon da ke kare fata, ta bar ta a bushe tana tsagewa.

Gishirin lalle kuma kada ya kusanci wannan harka sam. Ba gishirin ci ba ne, ba na wanka ba ne. A 2021 mutum 24 'yan gida ɗaya sun rasu a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, maƙwabciyar Shinkafi, bayan an sa shi a abinci a zaton gishirin miya ne. Wannan ya isa dalilin da zai sa duk wani farin gari da ba na ci ba, har da gishirin wanka, a rubuta sunansa a jikin mazubinsa, a kuma nisanta shi da madafa.

An ce yana fitar da guba daga jiki. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Hanta da ƙoda su ke tace jini, gumi kusan dukansa ruwa ne da ɗan gishiri. A Zamfara wannan magana ba ta wasa ba ce. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Abin da ya ceci waɗanda suka rayu shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen, da maganin sha na musamman mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa bayarwa. Duk wanda ke aikin haƙar zinare ko yake zaune kusa da inda ake niƙa, gwajin jini yake buƙata. Mai sayar masa da gishiri da sunan wanke dalma yana jinkirta masa magani ne.

Su wane ne bai kamata su yi ba?

Mai ciwon suga shi ne na farko, musamman a jiƙon ƙafa. Cutar tana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum ya ƙone bai sani ba, jiƙo kuma yana tausasa fata ta tsage, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ba ya warkewa. Ya wanke ƙafa da ruwa mai ɗan ɗumi, ya tsane tsakanin yatsu, ya shafa mai, shi ke nan.

Mai ciwon zuciya ko mai shan maganin hawan jini ya tambayi likitansa tukuna, idan an yarje masa kada ruwan ya wuce digiri 38, kada zaman ya wuce minti goma. Mai farfaɗiya kada ya zauna a ruwa shi kaɗai a bayin da aka kulle. Mai sikila yakan ji daɗin ɗumi a gaɓoɓi, amma gumi yana rage ruwan jiki, rashin ruwa kuma yana tayar da ciwon, don haka ya sha ruwa sosai kafin da bayan, kuma kada ya fito jiƙe cikin iskar hunturu. Mai buɗaɗɗen rauni ko ƙuna ko ƙurajen da ke ruwa ko zazzaɓi ya bari sai ya warke.

Ba a shan gishirin Epsom don an ji yana wanke ciki. Yana sa gudawa mai tsanani, ga mai ciwon ƙoda kuma yana iya taruwa a jini ya taɓa zuciya da numfashi.

Ina da ciki, ƙafafuna suna kumbura. Zan iya?

Jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗan ɗumi ba laifi. Zama a baho ma ba laifi idan ruwan bai wuce digiri 37 ba, zaman bai wuce minti goma ba, kuma akwai wadda za ta kama ki wajen tashi. A wata ukun farko ki bar man ƙamshi gaba ɗaya. Idan kina zubar jini ko faya ta fashe, kada ki shiga ruwa. Amma ki lura da kumburin: idan ya haɗa da fuska da hannuwa, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganin dishi-dishi, ki tafi asibiti a ranar a auna jininki, domin alamun jijjigar masu ciki ke nan. Gaskiya ne allurar da ake yi wa mai jijjiga a asibiti maganiziyam salfet ce, sinadari ɗaya da Epsom, amma ita ta jijiya ko tsoka ake ba da ita a gwargwadon da likita ya auna. Jiƙo ba ya maye gurbinta.

Maijego fa?

Zama a ruwan ɗumi yana rage zafin ɗinki da kumburi, minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a baho mai tsabta wanda ba a wanki a cikinsa. Ruwan ya zama zalla, babu turare babu kala. Wadda aka yi wa tiyata kada ta nutsar da wurin ɗinkin sai likita ya ce ya haɗe. Muna roƙon iyaye da ungozomomi su sassauta zafin ruwan wankan jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Ƙara gishirin wanka a kan tafasasshen ruwa ba ya rage wannan haɗarin.

Yara za su iya shiga?

Jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyu, a'a. Waɗanda suka fi haka, rabin ma'aunin manya, marar ƙamshi, minti goma, babba na tsaye a kansu. Yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma yakan sha ruwan wanka.

Bayan na yi, sai na ji ƙaiƙayi a gabana. Me ya jawo?

Turare da kala da sabulun da ke cikin haɗin. Gaban mace yana da ɗan tsami na halitta da ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke kare shi, bekin soda da turare kuma suna dagula wannan tsarin. Ki dakata da jiƙon, ki riƙa wanke waje kawai da ruwan zalla. Idan bayan kwana biyu ko uku bai lafa ba, ko akwai fitar ruwa mai wari ko zafin fitsari, ki je a duba ki. Mai yawan fama da ciwon sanyi ta tsaya a Epsom zalla, ko ta taƙaita a jiƙon ƙafa.

Amarya ce ake wa gyaran jiki. A wane mataki za a sa shi?

Kafin dilka da halawa, ba bayansu ba. Jiƙo yana tausasa matacciyar fata, dilka ta fi cirewa da sauƙi. Bayan halawa ko aski kuwa ƙofofin gashi a buɗe suke, gishiri zai yi zafi ya kawo ƙuraje, a bari sai bayan kwana biyu. A gama duk wani jiƙo kafin ranar ƙunshi, domin daɗewa a ruwa yana kashe lalle da wuri. Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin fatarta ta yi siriri, ta gwada a ɗan wuri a cikin hannu ta jira kwana ɗaya kafin ta shiga da jiki duka.

Ruwan ya halatta a yi wankan ibada ko alwala da shi?

A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canja da wani abu mai tsarki da aka zuba masa, irin su turare da mai da sabulu, yana nan da tsarkinsa amma ba a ɗauke hadasi da shi. Saboda haka a yi wankan janaba ko na haila da ruwan zalla, kafin jiƙon ko bayansa. Mai takaba ta yi amfani da marar ƙamshi. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa an huta, ko bayan asham, domin zaman ruwan ɗumi da rana yana ƙara ƙishi da jiri.

Yana maganin kaushi da faso?

Yana taimakawa idan an bi shi da mai. A jiƙa ƙafa minti 15, a goge da dutsen goge kaushi a hankali, a ɗauraye, a tsane, a shafa man kaɗe ko basilin da kauri, a sa safa a kwana da ita. Idan aka jiƙa aka bar ƙafar haka nan, gishirin da ya bushe a kai zai ƙara janye danshi, da safe kaushin ya fi na jiya. Ba a yanke kaushi da reza. Fason da ya tsage har yana jini a bar jiƙa shi sai ya rufe.

Na ajiye nawa ya dunƙule, ƙamshin kuma ya gudu. Ya lalace ne?

Dunƙulewa danshi ne, an fi ganinsa da damina ko idan an ajiye shi a cikin bayi. Bai lalace ba, a farfasa a ci gaba da amfani. Ƙamshi kuwa zafi da haske ne ke kore shi, don haka a ajiye a ɗaki mai sanyi, nesa da taga, a kuma haɗa abin da za a ƙarar cikin wata uku. A riƙa ɗiba da busasshen cokali. Idan haɗin yana da bekin soda kada a toshe shi ƙam a kwalbar gilas, domin danshi yana sa shi fitar da iska, matsin ya taru har kwalba ta iya fashewa. Roba mai kauri mai murfi ta fi. Idan ya fara warin tsohon mai, man da ke ciki ne ya lalace, a zubar.

Ina zan zubar da ruwan bayan na gama?

A magudanar bayi ko a kwata. Kada a zuba shi a gindin zogale ko mangwaro ko fulawa, domin gishirin teku yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa, kuma kada a bar shi inda awaki da kaji za su sha. A wanke bahon da sabulu nan take tun man bai daskare ba, a kife shi ya bushe. Idan bahon ƙarfe ne ko na alminiyam a ɗauraye shi sau biyu, don ruwan gishiri yana cin ƙarfe. Daɓen bayin ma a watsa masa ruwan omo a goge kafin wani ya shiga, musamman idan akwai tsofaffi a gidan.